Zanen Majalisar Dattawan Amurka na 1850 ya ɓoye bayin da ake cinikinsu

Da wuya mutum ya buɗe littafin tarihin Amurka bai ci karo da zanen nan na muhawarar sulhun 1850 kan bauta ba. Henry Clay, sanatan Kentucky, yana tsaye a tsakiyar zauren Majalisar Dattawa yana jawabi, Sanata Daniel Webster ya yi tagumi a kujerarsa, Sanata John C. Calhoun kuma yana kusa da mataimakin shugaban ƙasa Millard Fillmore mai jagorantar zaman. Peter Rothermel ne ya zana shi, Robert Whitechurch ya sassaƙa shi a farantin ƙarfe, aka buga shi a 1855. Mai zanen gwani ne, ba na ja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa nuna wa ɗalibai hoton nan a matsayin shaidar abin da ya faru.

Rigimar ta taso ne daga filayen da Amurka ta ƙwace a hannun Meziko: za a yarda da bauta a cikinsu ko a'a. A lokacin jihohi 15 na bauta, 15 sun haramta ta, ga California na neman shiga a matsayin jihar 'yanci, abin da zai karya wannan daidaito a majalisa. Ranar 29 ga Janairun 1850 Clay ya gabatar da shawarwari takwas na sulhu.

Natsuwar da hoton ke nunawa ba ta samu ba. Calhoun rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, sai da Sanata James Mason ya karanta masa jawabinsa ranar 4 ga Maris, kuma ya rasu a ƙarshen watan. A Afrilu, Sanata Henry Foote ya zaro bindiga ya auna Sanata Thomas Hart Benton a cikin zauren nan. Shi kansa dunƙulallen ƙudurin Clay, wanda aka tattara yawancin shawarwarinsa a ciki, ya wargaje ranar 31 ga Yuli, domin haɗa komai wuri guda ya haɗa kan masu adawa: ɗan Arewa ya ƙi shi saboda wani sashe, ɗan Kudu saboda wani. Sanata Stephen Douglas ne ya raba shi gida biyar, ya nemo wa kowanne nasa rinjayen, aka kammala a Satumba. Amma Clay aka bai wa tsakiyar hoto.

Babban laifin zanen shi ne babu bawa ko ɗaya a ciki, alhali ƙidayar 1850 ta nuna bayi sun haura miliyan uku. Kuma su suka biya kuɗin sulhun. Dokar kamo bayin da suka gudu, ɗaya daga cikin dokokin sulhun, wadda Fillmore ya sa wa hannu ranar 18 ga Satumba bayan ya gaji Zachary Taylor a kujerar shugaban ƙasa, ta hana wanda ake zargi ya ba da shaida don kare kansa, ta kuma hana shi shari'a a gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Jami'in da ke sauraren ƙarar yana karɓar dala 10 idan ya miƙa mutum ga mai da'awarsa, dala 5 idan ya sake shi. Wanda ya ɓoye bawa kuwa tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida ke jiransa. Wannan ai cin hanci ne da doka ta halatta. Ko a birnin Washington cinikin bayi kawai aka hana, bautar tana nan daram.

Masu kare sulhun kan ce ya jinkirta yaƙin basasa da shekara goma, kuma maganarsu na da nauyi. To amma a dubi shekarar da aka buga hoton. Clay da Webster sun rasu tun 1852, dokar Kansas da Nebraska ta 1854, wadda ta bar wa mazauna waɗannan yankuna zaɓin bauta, ta sake tono rigimar, kuma a 1854 ɗin sojoji suka raka Anthony Burns, bawan da ya gudu, ta titunan Boston zuwa jirgin da ya mayar da shi bauta a Virginia. Begen sulhun da ya riga ya mutu aka sayar wa jama'a. Malamin da zai nuna zanen nan a aji, ya ajiye sashen dala 10 da dala 5 a gefensa, ya kuma faɗa wa ɗalibai cewa Clay kansa yana da bayi a gonarsa ta Ashland.