Yaron da aka rubuta wa "ya canza makaranta", wa ya gan shi a can?

Duk shekara idan aka gama bikin yaye ɗaliban sakandare a Amurka, hukumomin ilimi na gundumomi sukan fito da adadi guda suna tinƙaho da shi: kashi nawa cikin ɗari na yaran da suka shiga aji tara, wato ajin farko na babbar sakandare, ne suka fita da takardar shaida bayan shekara huɗu. Magajin gari ya ɗauka ya sa a jawabin yaƙin neman zaɓe, dillalan gidaje su sa a talla, iyaye su duba kafin su zaɓi unguwar da za su tare. A ƙasar baki ɗaya, adadin ya tashi daga kashi 79 a zangon karatu na 2010-2011 zuwa kashi 87 a na 2019-2020. Akwai aiki na gaske a cikin wannan ci gaba, ba na musu. Sai dai ni kam ba na gaskata adadin kowace gunduma sai an buɗe mini wani kundi da ba a kai shi wurin biki, wato rajistar yaran da suka bar makaranta kafin su gama, da abin da aka rubuta a gaban sunan kowannensu.

Lissafin ba shi da wuya. A ce yara 400 ne suka shiga aji tara, 300 suka kammala. Kashi 75 ke nan. To amma doka ta yarda a cire sunan duk yaron da ya koma wata makaranta daga lissafin, tunda ba adalci ba ne a tuhumi makaranta kan ɗalibin da iyayensa suka yi ƙaura da shi. Idan aka ɗauki 40 daga cikin ɗarin nan da ba su gama ba aka rubuta musu "sun canza makaranta", sai lissafi ya koma 300 cikin 360, ya haura kashi 83. Ba a ƙara koyar da kowa ko baƙi ɗaya ba. Akawun ofis ne kawai ya danna wata lamba a kwamfuta maimakon wata.

A Texas waɗannan lambobin a tsare suke: 60 na nufin yaro ya koma karatu a gida, 16 ya koma ƙasarsu ta asali, 82 ya shiga makaranta a wata jiha, 98 kuwa ita ce ta wanda ya tafi ba tare da wani karɓaɓɓen dalili ba, ita ce kuma ke sa a ƙidaya shi cikin waɗanda suka watsar da karatu. Mutumin da ke zaune gaban wannan allo, galibi ƙaramin ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi, ga waya na ƙara, ga iyaye a layi, ga kuma shugaban makaranta da ke leƙowa yana tambayar ina aka kwana kan yaran da ba a gani ba tun watan Satumba. A hannunsa martabar gunduma guda take.

Birnin Houston ne ya fara koya wa Amurkawa wannan darasi. A ƙarshen shekarun 1990 ana ta yayata abin da aka kira mu'ujizar Texas, wato iƙirarin cewa makarantun jihar sun samu gagarumin ci gaba. Rod Paige, wanda ya shugabanci makarantun Houston daga 1994, ya ɗora shugabannin makarantu kan kwantiragin da ke rataye da sakamako: alƙaluma su yi kyau ka samu ladan kuɗi, su lalace kujerarka ta yi rawa. A 2001 Shugaba George W. Bush ya naɗa shi sakataren ilimi na ƙasa, aka kuma gina dokar ilimi ta tarayya mai suna No Child Left Behind a kan irin wannan tunani. A 2002 gundumar Houston ta lashe kyautar Broad, wadda ake ba gundumar birni da ta fi nuna ci gaba. Sai ga makarantar Sharpstown, inda yara wajen dubu ke shiga aji tara amma waɗanda ke kai ajin ƙarshe ba su cika 300 ba, ta kai rahoton cewa ko yaro ɗaya bai watsar da karatu ba. Ko ɗaya fa! Mataimakin shugaban makarantar, Robert Kimball, shi ya ƙi haɗiye wannan magana ya fasa ƙwai. Da hukumar ilimi ta jihar ta binciki makarantu 16 a 2003, ta tarar cewa cikin ɗalibai kusan 5,500 da suka bar makaranta a zangon 2000-2001, kimanin 3,000 ya kamata a ce an lissafa su cikin waɗanda suka daina karatu. Gundumar kuwa kashi 1.5 ta bayar.

Abin kunyar ya taimaka wajen gyara. A 2005 gwamnonin jihohi 50 suka sa hannu kan yarjejeniyar yin lissafi iri ɗaya, a 2008 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta mayar da shi ƙa'ida. Ƙa'idar ta ce ba a cire sunan yaro sai da hujja a rubuce. Idan ya koma wata makaranta, a nuna takarda ta hukuma, kamar wasiƙar da sabuwar makarantar ta aiko tana neman fayil ɗinsa. Idan ya bar ƙasar ko ya rasu, a ajiye tabbaci a rubuce. Wanda ya tafi neman takardar GED, wadda ake ba wanda bai gama sakandare ba bayan ya ci wata jarrabawa, yana nan cikin lissafi a matsayin wanda bai kammala ba. Haka wanda ya ɓace ba labari. A takarda dai ƙa'idar ta yi kyau.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. A 2015 gidan rediyon WBEZ da ƙungiyar Better Government Association suka bi rajistar makarantun Chicago, suka gano ɗalibai fiye da dubu biyu da aka rubuta wa canjin makaranta alhali barin karatu suka yi. Wannan kuwa a shekarar da magajin gari Rahm Emanuel ya yi ta kafa hujja da hauhawar adadin masu kammalawa a neman wa'adinsa na biyu. Daga baya hukumar makarantun birnin ta sauke adadin 2014 daga kashi 69.4 zuwa 66.3. A Alabama adadin ya yi tsalle daga kashi 72 zuwa 89 cikin shekara huɗu, har ana yi wa jihar kirari, kafin shugaban ilimi na jihar, Michael Sentance, ya fito a Disambar 2016 ya amsa cewa akwai aringizo a ciki. Ofishin babban sufeto na ma'aikatar ilimi ta tarayya ya tabbatar da haka a 2017, a 2018 kuma ya sami jihar California da cire sunayen yaran da suka koma makarantun yaƙi da jahilci na manya, abin da ƙa'ida ba ta yarda da shi ba. A birnin Washington ta ɗaya ƙofar aka bi: bincike ya nuna kusan kashi 34 na waɗanda aka yaye a 2017 an ba su shaida ne cikin saɓa ƙa'ida, da yawansu sun yi watanni ba su leƙa aji ba.

Mutane kan ɗauki wannan a matsayin rigimar alƙaluma, ta 'yan jarida da masu binciken ofis. Ni a wurina abin ya fi haka nauyi. Lambar da aka rubuta gaban sunan yaro ita ke yanke ko za a fita nemansa ko ba za a fita ba. Wanda aka rubuta ya watsar da karatu, sunansa na nan a wuyan makaranta kamar bashi: jami'in bin sawun masu fashin makaranta zai buga waya, mai ba da shawara zai je gida, za a yi masa tayin ajin dare ko wata hanyar cike gurbin darussan da ya faɗi. Wanda aka rubuta ya koma wani wuri kuwa, an rufe fayil ɗinsa. Tsohuwar makaranta ta ce ba nata ba ne, sabuwar da aka ambata ba ta ma san da shi ba. Yaro ɗan shekara 16 yana can yana wanke kwanuka a gidan abinci, ko yana renon ƙannensa, ko yana kwana a mota da mahaifiyarsa bayan mai gida ya kore su, a kundin gwamnati kuwa lafiya lau yake karatu a wata jiha. Kuma ba 'ya'yan masu hali ne ke faɗawa wannan rami ba. 'Ya'yan talakawa ne, da na baƙin haure, da masu buƙata ta musamman, waɗanda iyayensu ba su da lauya ko Turancin da za su tsaya su yi gardama a ofis.

Kafar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta karatu a gida. A jihohi irin su Texas da Indiana, iyaye ba sa buƙatar yin rajista da gwamnati kafin su koyar da 'ya'yansu a gida, kuma ba mai zuwa ya duba. Wasiƙa ɗaya da sa hannun uwa ko uba ta wadatar. Iyalai masu yawa da gaske suke yi, suna kuma yin sa da kyau. Amma ka ɗauki uwar da aka kira ofis aka ce mata ɗanta ya yi fashi da yawa, ko dai a kai maganar kotu ko ta sa hannu a nan cewa za ta riƙa koyar da shi a gida. Wanne za ta zaɓa? Takardar ta cika ƙa'ida, sa hannun na gaske ne, mai bincike ya zo ya duba ba zai ga aibu ba. A Indiana rahotannin Chalkbeat, kafar labaran ilimi, sun nuna wasu makarantun da ke fama da matsala ne suka fi kowa yawan masu "komawa karatu a gida", majalisar jihar ma ta tsaurara doka.

Masu kare gundumomi suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Iyali na iya kwashe kaya cikin dare su koma Meziko ko Guatemala ba sallama. Makarantar da yaro ya koma a wata jiha na iya ƙin amsa wasiƙa. Ko 'yan uwanmu mazauna Bronx a birnin New York da kan tura yaro gida Kumasi ko Kano ya yi 'yan shekaru wajen dangi, ba kowa ke tunawa ya kai wa makaranta takarda ba. A irin wannan hali makarantar da ta yi gaskiya ita ke kwana ciki: yaron yana karatunsa a wani wuri, ita kuwa an rubuta mata shi a matsayin asara. Ga kuma ESSA, dokar ilimi ta tarayya ta 2015, wadda ta ce duk sakandaren da ta kasa yaye kashi biyu cikin uku na ɗalibanta a sa ta cikin jerin masu buƙatar gyara na musamman. Shugaban makarantar da ke kan kashi 66 ya san yara biyar kacal ke tsakaninsa da kuɓuta daga wannan tambari. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: wanda ya rataya aikin mutum a kan adadi, sannan ya damƙa masa alƙalamin rubuta adadin, shi ma yana da nasa kason na laifi.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa tsakanin kuskure biyu, na zaɓi wanda zai rage wa makaranta maki a kan wanda zai ɓatar da yaro. Makarantar da aka zalunta da kashi biyu za ta iya kawo hujja baɗi a gyara. Yaron da aka goge sunansa yana aji goma, kafin a farga ya kai shekara ashirin.

Abin da ya kamata a yi ba sabon abu ba ne, rashin so ne kawai. Kowace jiha tana ba ɗalibi lamba ta dindindin, saboda haka canjin makaranta a cikin jiha bai kamata ya tabbata ba sai lambar ta bayyana a rajistar makarantar da aka ce ya koma. In ba ta bayyana ba cikin 'yan makonni, sunan ya dawo wa ta farko kai tsaye. A kuma daina buga adadin masu kammalawa shi kaɗai. A gefensa a buga yawan sunayen da aka cire, makaranta-makaranta, dalili-dalili, yadda duk mai ido zai ga sakandaren da yara 90 suka "koma karatu a gida" alhali maƙwabciyarta uku ne. Masu bincike daga waje su riƙa zaɓar fayil ba tare da sanarwa ba, kuma kada su tsaya kan ganin takarda, su ɗaga waya su kira iyayen. Shi kuma akawun da ke shigar da lambobin, a cire shi daga ƙarƙashin shugaban makarantar da ladansa ke rataye da sakamakon, ya riƙa amsa umarni daga ofishin gunduma ko na jiha.

Buƙatar ta ƙaru tun bayan annobar korona. Wani nazari da kamfanin dillancin labarai na AP ya yi tare da masana na Jami'ar Stanford a 2023 ya nuna yara kimanin 230,000 a jihohi 21 da ba a iya gano inda suka shiga ba, ba su a makarantun gwamnati, ba su a masu zaman kansu, ba su cikin masu karatu a gida da aka sani. Sannan a Maris ɗin 2025 gwamnatin Donald Trump ta sanar da rage kusan rabin ma'aikatan ma'aikatar ilimi ta tarayya, ta kuma ba da umarnin a kama hanyar rufe ta. Daga can ne aka tono na Alabama da California. In idon tarayya ya yi rauni, aikin duba rajista zai koma hannun jihohi, su kuwa jihohin da adadin nan suke gasa da junansu.