Takobin da ke Rataye a Bango Ba Darasi Ba Ne

Wai har yanzu akwai masu kare malamin nan na aikido, wato fasahar kare kai ta Japanawa, da ya karɓi kuɗin shekara guda a hannun ƙanin abokinmu da ke karatu a Faransa, alhali tun ranar farko yaron ya faɗa masa cewa takobi da sanda ne suka kawo shi. Shekara ta zagayo, yaro bai taɓa riƙe takobin katako ba sai ranar da aka sa shi goge ƙurar waɗanda aka jera a bango, da ya yi magana kuma aka ce ya ƙara haƙuri, makamai sai bayan ya samu baƙar ɗamara ta ƙwararru. Madalla da wannan hikima, wadda ba ta fito daga bakin malam ba sai da kuɗi suka shiga aljihu.

Duk mai neman makarantar aikido saboda makamai, kafin ya biya ko sisin kwabo ya nemi jadawalin mako, ya ga ko akwai ranar da aka ware wa takobi da sanda, sannan ya nemi takardar jarrabawar ƙarin matsayi ya ga ko suna ciki. Abin da babu shi a jadawali, babu shi a makarantar, ko da an cika bango da takubba har rufi.

Masu cewa "ai aikido duk ɗaya ne, ka je wadda ta fi kusa da gidanku" ba su san tarihin abin da suke magana a kai ba. Morihei Ueshiba, wanda ya kafa aikido, ya bar Tokiyo ya koma garin Iwama a lardin Ibaraki a 1942, kuma a can ya duƙufa kan takobi da sanda. A 1946 wani matashi mai suna Morihiro Saito ya zama almajirinsa. Saito ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai yin aiki kwana ɗaya ya huta kwana ɗaya, wannan ne ya ba shi damar halartar atisayen safe, ya kuma zauna tare da malaminsa har rasuwarsa a 1969. Saito ne ya tsara abin da ya gani ya zama darussa masu lamba: sara 7 na takobi da ɗalibi ke maimaitawa shi kaɗai, motsi 20 na sanda, jerin motsi 31 da na 13, karawa 5 ta takobi da takobi, da karawa 10 ta sanda da sanda. A babbar cibiyar ƙungiyar aikido ta Aikikai da ke Shinjuku a Tokiyo kuwa, darussan yau da kullum na hannu ne, makami yakan fito ne a matsayin abin da ake ƙwacewa daga hannun mai kawo hari. Hoton dattijo ɗaya ne, wato Ueshiba, rataye a gaban ɗakin atisayen Iwama da na Tokiyo, amma wanda ya shekara a can da wanda ya shekara a nan ba abu ɗaya suka koya ba. To ina ɗayan yake?

Akwai kuma masu cewa motsin aikido daga takobi ya samo asali, saboda haka mai koyon hannu takobi yake koya bai sani ba. Tuwo ma daga gona ya fito, amma ban taɓa jin wanda ya iya riƙon fartanya saboda yawan cin tuwo ba. Masu cewa halin malami ya fi komai kuwa, na yarda, sai dai malamin da ya san ba ya koyar da abin da aka zo nema ya yi shiru, ya riga ya nuna halin nasa.

Shawarata ga yaron, da duk mai irin burinsa, ita ce ya je ya zauna a gefe ya kalli darasi tun daga shigowar ɗalibai. A makarantar da ake yi da gaske, kowa zai shigo da doguwar jaka saɓe a kafaɗa, in ya zaro takobinsa za ka ga jikinsa ya lotsa saboda haɗuwa da wani, wajen riƙon ya yi duhu da gumin hannu, kuma mai farar ɗamara yana cikin layi yana sara tare da manya, malam na zagayawa yana gyara masa ƙafa da ƙugu. Bayan an tashi ya tambayi malam cikin ladabi: a wurin wa kuka koyi makamai? Mai gaskiya zai ambaci suna nan take, ko Saito, ko Shoji Nishio wanda ya haɗa aikidonsa da zare takobi daga kube, ko Kazuo Chiba, ko Mitsugi Saotome, domin kowannensu yana da tsarinsa da almajiransa. Wanda ya fara kame-kame yana zancen zaman lafiya da ruhin duniya, a gaishe shi a kama hanya.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa yaron kuma ita ce, ko a Iwama ana riƙe takobi ne domin a gina tsayuwa, a san tazara da lokacin shiga, a gyara aikin hannu. In zuciyarsa na wurin takobi ne kawai, ga kendo na karawa da takobin gora, ga iaido na zare takobi daga kube, ga tsohuwar makarantar Katori Shinto-ryu, in sanda ce ga Shinto Muso-ryu, ba abin kunya ba ne ya je can kai tsaye.

Tunda na ji har ya fara cigiyar takobin katako, don Allah kada ya sayi jajayen nan masu arha da aka shafe da man ƙyalli, domin bugu kaɗan suke tsagewa, tsagin kuma idon abokin atisaye yake nema. Ya nemi na farin katakon da Japanawa ke kira shirakashi, ya shafa shi da tafin hannu daga sama har ƙasa ya ji ko akwai sartse. Irin na Iwama ya fi kauri, ba shi da tsini, don haka ya jira ya san makarantar da zai shiga kafin ya saya. Sandar kuma tsawonta wajen santimita 128 ne, sai ya tanadi jakarta tun wuri, kada ya shiga jirgin ƙasa da ita tsirara 'yan sanda su tare shi.