Zurfin rijiya ba ya hana fulorayid a yankin dutse mai aman wuta

Mu da muka taso da sanin cewa gwargwadon zurfin rijiya gwargwadon kyawun ruwanta, zama a Kwarin Rift na gabashin Afirka ya isa ya sauya mana tunani. A nan sau da yawa rijiyar burtsatse mai zurfi, mai ruwa da ɗumi, ita ce ta fi cika da fulorayid, wani sinadari da ke narkewa daga dutse ya shiga ruwa, wanda yawansa ke cutar da haƙori da ƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a ruwan sha a miligiram 1.5 cikin lita. Rijiyoyi da dama a kwarin Habasha, da yankin Nakuru a Kenya, da kewayen Arusha a Tanzaniya, sun ninka wannan sau da dama. Ana ganin illarsa a haƙoran yara, launin ƙasa-ƙasa, kuma in shekaru suka ja, sai ƙashi ya sanƙare.

Kasancewar kwarin yankin aman wuta kaɗai bai isa dalili ba. Tudun Habasha ma aman wuta ne ya yi shi, amma baƙin dutse ne da ake kira basalt, mai yawan sinadarin kalsiyam, fulorayid ɗin ruwansa kaɗan ne. Ƙasan kwarin kuwa toka ce da dutse mai kama da gilashi, masu saurin narkewa. Iskar kabon dayoksayid da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa tana sa ruwan ya yi tsami, ya ci dutsen, ya kwaso sodiyam da fulorayid, ita kuma iskar ta rikiɗe ta zama bayikabonet, sinadari irin na kanwa. Da bayikabonet ya yi yawa sai ya haɗu da kalsiyam su kwanta a matsayin dutsen farar ƙasa. To kalsiyam ɗin nan shi ne mai ɗaure fulorayid. Babu shi, babu mai tsayar da shi. Zafin ƙasa da daɗewar ruwa cikin dutse suna ƙara tsananta abin. Shi ya sa ruwan ke da santsi a hannu, da ɗanɗanon kanwa.

A ganina, duk wanda ya auna fulorayid kaɗai ya yi rabin aiki. A auna kalsiyam da bayikabonet tare, domin bayikabonet yana rage ƙarfin matatar alumina mai cire fulorayid daga ruwa, kuma yana canza yawan alif da farar ƙasa da ake zubawa a ruwa don cire fulorayid, wato hanyar da ake kira Nalgonda. Tace ruwa da gawayin ƙashi yana aiki, amma yana ƙoshi, dole a riƙa auna ruwan da ke fita a san lokacin canza shi. Tafasa ruwa kuwa ƙara wa fulorayid kauri take yi, tunda tururi ne ke tafiya.