Yadda Kwanon Iyakilinar Fijo Ya Shiga Kayan Ɗakin Amarya

Motar da nake hawa ta girmi Jihar Katsina. Fijo 504 ce fara, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a yanke mana tamu jihar a watan Satumba na 1987. Da aka zo rabon gado, 'yan'uwana suka nuna mini wata irin ƙauna da ban taɓa sanin suna yi mini ba, suka ce duk gidan babu wanda ya cancanci motar Baba sai ni, saboda ni ne mai haƙuri. Su kuma suka daure, suka karɓi filaye.

Ba na raina ta, kuma ba na son a raina mini ita. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, a shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, sannan kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta harhaɗa ta har ta zama motar gwamnati, motar 'yan kasuwa, motar tasha. Injinta silinda huɗu ne, kusan lita biyu, da kafireta mai haɗa fetur da iska, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Duk bakaniken da ya haura shekara sittin, in ya gan ta sai ya shafa bonet ɗinta ya yi ajiyar zuciya. Matsalar ita ce waɗanda ba su kai talatin ba, su ne kuma suka cika garejin yanzu.

Salansa ce ta fara kawo ƙara, a ma'anoni biyun duka. Ni a zatona motar da ba ta wahala ba ta lalacewa, domin tawa ba ta wuce masallacin Juma'a da gaisuwar rasuwa. Ashe wannan hutun ne yake cinye ta. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana fitar da kusan litar ruwa a matsayin tururi, kuma in tafiyar gajera ce, bututun ba ya yin zafin da zai kori ruwan, sai ya kwanta a cikin tukunyar salansa ya yi ta cin ƙarfen daga ciki. Kafin mutum ya ga tsatsa a waje, cikin ya riga ya ƙare. Tawa ta huje a tukunyar baya, robobin da ke rataye da ita kuma zafin rana ya busar da su sun tsattsage, don haka in na tayar da ita a Ƙofar Sauri, mutanen Ƙofar Marusa suna iya shaida cewa na fito.

Na kai ta wurin mai walda. Ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa tukunyar da ƙusa, garin tsatsa ya zubo masa a fuska, ya fito yana kakkaɓe gemu ya ce, "Alhaji, wannan ba walda take so ba, addu'a take so." Ya ce sabuwa sai Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, shi ma in an dace. Da na nuna masa cewa aljihuna ba zai kai Kano ba, sai ya yanko wani falle daga jikin tsohuwar durom, ya naɗe tukunyar da shi, ya bi gefe-gefe da wuta. Ƙarar ta ragu sosai. Ya rantse mini cewa facin zai riƙe, amma da na tuna maganar daga baya, sai na lura bai faɗi zuwa yaushe ba.

Ana cikin haka aka sa ranar auren ƙanwar uwargidana a Daura, a tsakiyar hunturu. Uwargida ta ce mu bi motar yayanta mai sanyi a ciki. Na ce mutumin da yake da mota a ƙofar gida ba ya zuwa gidan surukai a kujerar baya. Ta dube ni, ta dubi motar, ta ce, "To, Malam, Allah ya kai mu," da irin muryar da ake yi wa mai jinya fatan sauƙi.

Ana gobe tafiya na kai motar gareji a canza baƙin mai a duba fulogi. Ogan garejin ya tafi ɗauko wata mota da ta mutu a hanyar Jibiya, ya bar ni da yaronsa, wani saurayi mai ƙwazo da ladabi, wanda duk rayuwarsa iyakilinar takarda ya sani, wato matatar iskar inji, irin ta motocin zamani, wadda ake zarewa a busa mata iska a mayar. Ita kuwa tawa ta tsohon yayi ce, mai wanka da mai. A ƙasanta akwai wani kwano mai zurfi da maƙalai suke riƙe da shi, ana zuba masa baƙin mai daidai wani layi da aka zana a ciki, a sama kuma akwai curin waya. Iskar da inji ya zuƙo tana gangarowa ƙasa da gudu, ta yi kwana a kan man ta koma sama, ƙurar da ke cikinta kuwa saboda nauyi ba ta iya yin kwanar, sai ta faɗa cikin man, abin da ya tsira wayar da ta jiƙe da mai ta kama shi. Dabara ce da ta dace da ƙasashe masu ƙura irin tamu, ba ta buƙatar a sayi komai sai ɗan mai da kananzir na wanki. Duk wannan bayanin a Daura na same shi, a lokacin da ya riga ya zama tarihi.

Na tafi sallar la'asar na dawo, na tarar da yaron yana murmushin wanda ya ceci rai. Ya ce, "Baba, Allah ya taimake ka na buɗe wurin nan. Injinka yana amai, mai ya cika iyakilina har da laka a ƙasa." Ya zubar da man, ya goge kwanon da toka da yashi har yana ɗaukar ido, ya jefar da curin wayar domin a ganinsa datti ne, ya yanko soson tsohuwar katifa ya danna a wurin da ƙarfinsa duka. Na yaba masa, har na ƙara masa na shan ruwa.

Da safe uwargida ta cika but da gudummawarta ga amarya: tukwane, kwanuka, farantai da kuloli, kowanne a goge. Muka kama hanya cikin hazo. Tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne, tafiyar da ba ta isa a yi mata guzuri ba, amma tun kafin mu bar gari na ji motar tana nishi. In na taka totur sai ta yi shiru tana tunani, sannan ta amsa a hankali. Inji yana buƙatar kusan kilo 15 na iska domin ya ƙona kilo guda na fetur, soson katifa kuwa an yi shi ne domin barci, ba domin numfashi ba. Da iska ta ƙi shiga, sai kafireta ta riƙa tura fetur fiye da kima, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, masu babura suna wuce mu suna toshe hanci suna yi mini nuni da hannu. Allurar mai kuwa ina kallonta tana sauka, kuma duk wanda ya sayi fetur tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafi, ya san abin da zuciya take ji a irin wannan kallo.

Uwargida ta ce kanta yana ciwo. Wannan kam ban yi wasa da shi ba, domin hayaƙin salansa mai yoyo yana ɗauke da iskar guba marar wari da take iya sumar da mutum a cikin rufaffiyar mota. Muka sauke gilasai duka, ƙurar hunturu ta shigo ta zauna a kan leshin da aka ɗinka musamman domin bikin. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, wanda ya fi maganar tsanani.

Da ƙyar muka kai Mashi. Wani mai gyaran babura a bakin hanya ya buɗe bonet, ya saurara, ya ce motar shaƙewa ta yi. Ya kwance iyakilinar gaba ɗaya, ya zaro soson da ya riga ya yi baƙi, ya jefa sauran a but a kan kayan uwargida, ya ce in tafi haka nan, iska kyauta ce. Gaskiyarsa, motar ta farfaɗo, sai dai yanzu tana zuƙar hunturun kai tsaye babu mai tace shi, fulogan kuma sun riga sun yi baƙi da toka, wani ya kama wani ya ƙi. Duk fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba yana wucewa ya taru a cikin salansa mai zafi, yana jiran iska ta leƙo ta gefen facin mai walda.

Iskar ta leƙo ne daidai ƙofar gidan surukaina, lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur domin in tsaya cikin natsuwa a gaban manyan mutanen da suke zaune a kan tabarmi ana jiran liman. Ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba sai a hawan Sallah. A zamanin da muke ciki ba a tsayawa tambayar daga ina ƙara ta fito. Kafin hayaƙi ya washe, tabarmi ta zama fili, takalma sun rasa masu su, maroƙin da yake tsakiyar kirari ya ƙarasa shi a bayan wata bishiyar darbejiya, wani dattijo da aka ce shekara da shekaru sai an riƙe shi yake tashi an same shi a zaure na biyu. Facin durom ya yi tsalle ya faɗa kusa da tiren goro, tukunyar salansar kuma ta sauka ƙasa tana reto a jikin roba guda. Na fito na yi sallama, babu wanda ya amsa sai surukina, shi ma a taƙaice.

Bayan an ɗaura aure an watse, aka kira mini wani tsohon bakanike wanda ya yi zamani yana gyaran motocin gwamnati lokacin da duk Fijo ne. Ya zo da sandarsa da ƙaramin akwatin sifanu. Ya wanke fulogan da fetur, ya ɗaure salansar da wayar birkin keke, ya ce za ta kai ni gida in ban yi gaggawa ba. Da na ba shi labarin soson katifa, bai yi dariya ba, sai ya yi salati ya ce, "Ɗana, da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu wanda ya san zumar." Shi ne ya yi mini bayanin man da layin da curin wayar, ya aika aka samo wani curin a wurin 'yan gwangwan, sannan ya ce in miƙo masa iyakilinar.

Na buɗe but, na tarar da gangar jikinta da maƙalanta, amma babu kwanon ƙasa. Babu tukwane, babu kuloli, babu komai. A lokacin da maza suke neman takalmansu, mata sun kwashe gudummawar uwargida sun shiga da ita cikin gida, kuma kwanon da yaron gareji ya goge da toka ya fi duk sauran ƙyalli.

Ana yi mana kirari, mu Katsinawa, da cewa kunya gare mu ba dai tsoro ba, kuma a ranar na tabbatar da rabin farko. Na aika yaro ya kira uwargida, ta aiko cewa ba ta san ni ba sai an gama biki. Dole na tsaya a bakin ƙofar tsakar gida, na durƙusa na gaishe da gwaggon amarya, wadda ita ce mai lissafin kaya, na yi mata bayani da muryar da ba ta wuce mu biyu ba. Ita kuwa ta amsa da muryar da ta isa har makwabta. Ta ce an riga an nuna kwanon ga dangin ango, an rubuta shi a takarda, kuma duk cikin kayan babu wanda aka yaba kamarsa, domin ƙarfen da ne mai kauri, ga shi har da layin awo a ciki, wanda ta riga ta gwada ta ga ya yi daidai da man gyaɗar miyar gida guda. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, na mota ne." Ta ce, "Ko na jirgi ne, ai kyauta ce." Sannan ta tuna mini hadisin da ya yi magana a kan wanda ya yi kyauta ya dawo ya karɓe, ta kuma fassara shi dalla-dalla domin amfanin matan da ba su ji da kyau ba.

An daidaita ne a kan fansa. Na hau ɗan acaɓa zuwa kasuwa na sayo jeren tukwane sababbi, aka duba su aka ƙwanƙwasa, aka ce ba su kai wancan nauyi ba amma za a karɓa saboda zumunci. Aka fito mini da kwanon a cikin leda, yana ƙamshin daddawa. Tsohon bakaniken ya wanke shi da kananzir, ya zuba baƙin mai daidai layin, ya ɗaure maƙalan, ya tayar da motar, ta kama lafiya lau. Ya ƙi karɓar kuɗi, sai dai ya ce duk ranar da na gaji da ita in tuna da shi kafin 'yan gwangwan.

Ni kaɗai na dawo Katsina a Fijo, uwargida ta biyo motar yayanta. Salansa na samo ta daga baya ta hannun wani direba mai zuwa Kano, kuma kuɗinta bai kai na tukwanen ba. A Daura kuwa, in ana kwatancen gidan surukaina, har yanzu ana cewa gidan da aka yi harbi ranar ɗaurin aure, Gwaggo kuma duk bikin da muka haɗu sai ta gargaɗi mata da su rubuta gudummawar gidana da fensir.