A tambayi mai abu, ko da ba ya magana

Jama'a, a wuraren kula da masu galahanga da sauran lalurorin da ke tauye ci gaban ƙwaƙwalwa, akwai maganar da ke damuna matuƙa: "Ai mun san abin da yake so." Wa ya gaya muku? Tun 1988 binciken Green da Reid da abokan aikinsu a Amurka ya nuna cewa hasashen ma'aikata kan abin da masu tsananin lalura ke so sau da yawa ba ya dacewa da abin da suke zaɓa idan an gwada su. Kuma ma'aikatan nan kullum suna tare da mutanen.

Hanyar ganowa tana nan. A 1992 Fisher da abokansa suka fito da tsarin ajiye abu biyu a gaban mutum, ya ɗauki ɗaya, a yi ta sauyawa har kowane abu ya haɗu da kowane. A 1996 DeLeon da Iwata suka kawo mai sauri: a jera abubuwa, wanda ya ɗauka a cire shi, a sake jera sauran.

A baki abu ne mai sauƙi, a hannu ake gane wanda ya koya. Ma'aikaciya ta ajiye ƙwallo a dama, abin kiɗa a hagu. Yaro ya miƙa hannu dama. Ta sake, ya sake. Ta rubuta ƙwallo yake so, alhali shi duk abin da ke dama yake ɗauka, ita kuma ba ta sauya musu wuri ba. Wani ma'aikacin kuma idonsa na kan abin da yake fatan a ɗauka, ko ya karɓe abin kafin yaron ya taɓa shi sosai. Lacca da takarda ba sa gyara wannan. Sai an yi bayani, an yi a gaban ma'aikacin, shi ma ya yi ana kallo, a gyara masa nan take, ya maimaita har hannunsa ya faɗa.

Masu cewa babu lokaci, horon nan sa'o'i kaɗan yake ci. Sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ya ce a mutunta nufin mutum da zaɓinsa, to ta yaya za a mutunta abin da ba a bincika ba? Kuma a riƙa sake gwajin, don abin da ya so wancan watan yana iya gundurarsa yanzu.