Mawaƙi ya jefa baiti, ƙaho ya amsa

Jiya da dare ƙanena ya shigo ɗaki ya tarar ina jin Bobby Bland, wani mawaƙin blues ɗan Amurka. Ya tsaya jim, sai ya ce, "Yaya, wannan wa'azi ne ko waƙa?" Na yi dariya, amma wallahi yaron ya gano bakin zaren.

Yawancinmu in aka ce blues, wato wani salon waƙar baƙaƙen fatan Amurka, wanda ke faɗo mana a rai shi ne wani dattijo a jihar Mississippi, shi kaɗai da jitarsa yana kukan duniya. Akwai wannan, ban musa ba. Ni dai wanda ya fi kama ni shi ne na babbar ƙungiya, mutum goma sha biyar ko fiye a kan dandamali: masu busa a jere, mai fiyano, mai ganga, ga mawaƙi a gaba.

Ku kasa kunne da kyau. Mawaƙi zai jefa baiti, ya maimaita shi, sannan ya kawo wani ya rufe. Bayan kowane baiti akwai ɗan gurbi, nan masu busa ke shigowa su amsa masa. Duk wanda ya tashi yana jin waƙa da amshi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka abin yake a cocin baƙaƙen fatan Amurka: fasto ya faɗa, jama'a su amsa. Kiɗan jazz kuma shi ya kawo tsarin, wa zai shigo, wa zai dakata, wa za a bar wa fili ya yi gwanintarsa. Abin da shugaban ƙungiya Count Basie da mawaƙinsa Jimmy Rushing suka ƙware a kai ke nan tun a birnin Kansas cikin shekarun 1930.

Shi kuwa Bland, wannan gurnanin da yake yi daga maƙogwaro, wanda ya rikita ƙanena, a wajen fasto C. L. Franklin ya kwaso shi, mahaifin mawaƙiya Aretha Franklin. Mabusin Bland, Joe Scott, ke tsara masa kiɗan, kuma ya san daidai inda zai sa ƙahonni su yi tsit. A gaskiya wannan shirun ya fi busar taɓa ni.

Mutanen coci fa ba su ji daɗi ba. Da mawaƙiyar coci Rosetta Tharpe ta shiga ƙungiyar kiɗan Lucky Millinder a 1941, sun ce ta kai kayan ibada gidan rawa. Ray Charles ma ya sha surutu a 1954 da ya ɗauki karin waƙar coci ya ɗora masa kalaman soyayya. Ina ganin uzurinsu, ba wanda zai so a yi wasa da abin da yake girmamawa. Sai dai aron nan ba ɓangare ɗaya ya ci shi ba. Thomas Dorsey, da ake kira uban waƙoƙin bishara, ai fiyano yake kaɗa wa mawaƙiyar blues Ma Rainey kafin ya koma coci, kuma da salonsa ya tafi.

Bayan yaƙin duniya na biyu manyan ƙungiyoyin suka yi ta watsewa, don ciyar da bakuna goma sha biyar a kan hanya ba wasa ba ne. Mawaƙin blues B. B. King dai ya riƙe masu busarsa har tsufa.

Ƙanen nawa bai fita ba sai da na tura masa waƙoƙi uku a waya.