Auren gata ba zai biya wa bazawara kuɗin haya ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen sabon zagayen auren gata a Kano, bakin jami'ai ɗaya ne: za a rage yawan zawarawa. Tun 2012, zamanin Kwankwaso, ake wannan waƙa. A Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800 ta hannun Hisbah, da sadaki da gado da katifa da ɗan jari. Madalla. Amma har yau ban ji jami'in da ya tsaya ya yi bayanin inda mace za ta kwana a daren da aka miƙa mata takarda ba.

Kowa ya san yadda abin yake. "Tafi gidanku." Washegari a turo akori-kura a kwashe gado da kujeru da kwanuka, a jibge su a zauren tsohon da shi ma fansho yake jira. Ɗakin da ta bari tana budurwa tuni ƙaninta ya sa amarya a ciki. Ita da yara uku sai tabarma a ɗakin uwarta. Idan gidan mijin na kansa ne, sau da yawa adashinta da 'yan kunnenta na gwal suna cikin bulo da kwanon rufin, amma takardar fili sunansa kaɗai ta sani.

Abin takaicin shi ne ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta har ta gama idda, kuma a sakin kome ci da sha suna wuyan mijin. Mai ciki kuwa sai ta haihu. Baƙara ta ambaci mut'a, kyautar sallama, wadda a nan ko sunanta da wuya ka ji. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uba kuma shi ne da ciyarwa da tufatarwa da muhallinsu. Tun shekarar 2000 Kano ta dawo da shari'ar Musulunci. Sai ga shi wannan ɓangare nata, wanda ya taɓa aljihun maza, ya zama maraya.

Macen da ta yi ƙarfin halin zuwa kotu, alkali ya yanka wa mijin wani ɗan abu a wata, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko masarar sati ba zai saya ba. Ya biya sau ɗaya, sau biyu, ya kashe waya. Ta matsa, ya ce to a kawo masa 'ya'yansa. Da wannan barazana ake rufe bakin mafi yawansu.

Masu cewa matan ne ke tattara kayansu da kansu, ko kuma talauci ne, sai su gaya mana da wane kuɗin ake kai lefen sabuwa kafin iddar tsohuwa ta cika.

Ga kuma abin da masu shirya auren gata ba sa faɗa. Idan uwa ta sake aure, haƙƙin riƙon yara yakan bar hannunta ya koma ga mahaifiyarta. A aikace kuwa, ko uban ya ɗauke su ya kai wa kishiya, ko su bi ta su zama agola. Wato maganin da gwamnati ta fi alfahari da shi na iya raba ta da yaran da saboda su take neman mafaka.

A 2009 Hisbah ta hana zawarawa yin gangami a Kano. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali, aka yi masa ca. Hukumar da ke iya tantance ango har da gwajin jini, tana iya bin sawun tsohon miji. Ma'aikacin gwamnati a cire haƙƙin 'ya'yansa daga albashi kai tsaye. Hukumar Zakka da Hubusi ta kama wa mai yara ɗaki na shekara guda. Duk wanda ya zo neman auren gata kuma, a fara tambayarsa ina wadda ya saka, kuma wa ke ciyar da 'ya'yanta.